Darasin Kiwon Lafiya: Idon Da Ba Ya Jin Zafi

Lokacin kaka lokacin ciwon ido ne. Daga Pauwa zuwa Ƙanƙara, daga Faskari zuwa Sabuwa, in an shiga yankan dawa da casar masara da sussukar gero, da wuya a wuni ba a ga mai murza ido ba. Ƙaiƙayi ya faɗa wa wannan, ganyen kara ya sharɓi wancan. Mata kuma suna wajen shiƙa, iska tana maido musu da dusa a fuska. Kafin a gama wannan, hunturu ya iso da ƙurarsa.

Wanda abu ya faɗa wa a ido ba ya jiran a gaya masa. Nan take zai saki lauje. Ido ya rufe, hawaye ya zubo, ba shi da sukuni sai abin ya fita. Wannan zafin da kowa yake ƙi, shi ne mai gadin ido.

Hausawa suna cewa jiki magayi. To, akwai idon da ya daina gaya wa mai shi komai. Tsakuwa ta shiga, shiru. Ƙaya ta karce shi, shiru. Mai shi yana ta aikinsa, ido yana lalacewa. Irin wannan ido shi ne darasin wannan wata.

TAGAR IDO

A sami madubi a duba ido, ko a dubi idon wani daga gefe. Za a ga wata fata garai-garai, mai ɗan tudu kamar gilashin agogon hannu, ta rufe baƙin ido. Ita kanta ba ta da launi. Baƙin da ake gani yana bayanta ne. Likitoci suna kiranta koniya. A nan za a kira ta tagar ido, domin ta nan haske yake shiga. Faɗinta kamar milimita 12 ne. Kaurinta kuwa kamar rabin milimita, wato kusan kaurin farcen yatsa.

Kalmar jijiya tana da ma'ana biyu a Hausa. Akwai jijiyar jini. Akwai kuma jijiyar da take kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kamar wayar tarho. Ita ce take sa mutum ya san an taɓa shi, ko ya taka wuta. Tagar ido ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa take garau. Amma jijiyoyin saƙo sun cika ta maƙil. Sun fi na fatar jiki yawa sau ɗaruruwa. Wannan ne dalilin da ƙwayar yashi guda take zama kamar dutse a cikin ido.

Waɗannan jijiyoyi ba zafi kaɗai suke kawowa ba. Su ne suke sa ido ya ƙifta. Lafiyayyen mutum yakan ƙifta kamar sau 15 a minti ɗaya, bai ma san yana yi ba. Kowane ƙiftawa yana shafa wa tagar ido ruwa, yana share ƙura. Su ne kuma suke kiran hawaye in abu ya shiga. Sannan suna taimaka wa fatar tagar ta riƙa sabunta kanta, in ta sami ƙarzuwa ta warke da wuri.

In jijiyoyin suka mutu, duk wannan aiki ya tsaya. Ƙiftawa ta ragu, ido ya bushe. Ƙaramar ƙarzuwa ta ƙi warkewa. Ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, musamman irin waɗanda suke jikin kara da ganye, sai ƙarzuwa ta zama gyambo. In gyambon ya warke yakan bar farin tabo, wato hakiya. In bai warke ba yana iya huda tagar, ido ya tsiyaye. Wani lokaci wannan ba ya ɗaukar wata guda.

Akwai maganar da ake yawan ji a gida: "Ai tunda ba ya ciwo, da sauƙi." A sha'anin ido wannan magana tana da haɗari ƙwarai. Idon da ya yi ja, ko ya fito da farin ɗigo a kan baƙinsa, amma mai shi ya ce ba ya jin komai, ya fi mai raɗaɗi bukatar a gaggauta. Mai raɗaɗi zai kai kansa asibiti. Wannan kuwa sai an kai shi.

WANDA AKE HAIHUWAR YARO DA SHI

Akwai cututtukan gado da suke hana jijiyoyin saƙo ginuwa tun yaro yana ciki. Ba su da yawa ko'ina a duniya. Ma'aikacin asibiti yana iya yin ritaya bai ga ko ɗaya ba. Amma gidan da abin ya faɗa wa, sanin alamunsa shi ne zai ceci idon yaro, wani lokaci har da ransa. Domin ba ido kaɗai suke taɓawa ba. Suna taɓa sassan jiki da yawa a lokaci guda.

Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda yaro ba ya jin zafi a duk jikinsa, kuma ba ya yin zufa. A yi masa allurar rigakafi, ko motsi ba zai yi ba. In ya fara haƙora sai ya ciji harshensa da leɓensa da yatsunsa har jini, yana wasa. Ya taka garwashi bai sani ba. Ya karye ya ci gaba da tafiya. Da yake ba ya zufa, jikinsa yakan yi zafi ƙwarai ba tare da zazzaɓin sauro ba, kuma wannan yana iya kisa, balle a ƙasa mai zafin bazara irin ta Katsina. Idonsa kuwa, yakan sa yatsa ya karce shi da kansa.

An ga wannan ciwo a ƙasashe da dama. A 1996 wani likita a Japan, Yasuhiro Indo, da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gadon da take jawo shi. A 1999 likitoci suka ba da labarin yara 15 masu shi, 'ya'yan Larabawa makiyaya na hamadar Nakab a kudancin Isra'ila. Tagar idon yaran ba ta jin taɓi, kuma 10 daga cikinsu sun riga sun yi tabo a kanta.

A ƙauye, irin wannan yaro ana iya yi masa kirarin jarumta. A ce an haife shi da tauri. Wasu su ce iska ce, wasu su zargi uwar da sakaci saboda yawan raunukansa. Duk ba haka ba ne. Jijiya ce ba ta ginu ba, kuma ba laifin kowa ba ne.

Akwai wani kuma da likitoci biyu na birnin Niyok a Amurka, Conrad Riley da Richard Day, suka bayyana a 1949. Babbar alamarsa ita ce yaro yana kuka amma babu hawaye. Ga wahalar tsotso da haɗiya, ga jini yana hawa yana sauka. Kusan duk masu shi Yahudawa ne da asalinsu yake gabashin Turai. A 2001 aka gano ƙwayar gadonsa. Daga nan mutanen suka rungumi gwajin jini kafin aure ko kafin haihuwa, sai haihuwar masu ciwon ta ragu sosai. A lura: jariri sabon haihuwa yakan yi makonni yana kuka babu hawaye, wannan ba ciwo ba ne. Sai in ya wuce wata shida ko bakwai ba a taɓa ganin hawayensa ba, sannan a kai shi a duba.

Ba duka ne suke bayyana a yarinta ba. A ƙasar Finlan akwai wanda likita Jouko Meretoja ya bayyana a 1969, wanda sai mutum ya girma tagar idonsa take fara dushewa, daga baya fuska ta saki.

Yaya ake gadon biyun farko? Kamar yadda ake gadon sikila. Kowa ya san gidan da uba lafiyarsa ƙalau, uwa lafiyarta ƙalau, amma suka haifi mai sikila. Kowannensu yana ɗauke da rabin abin a ɓoye. Sai rabi ya haɗu da rabi ciwo yake fitowa. A kowane ciki, damar haɗuwar kashi 1 ce cikin 4. Wannan ba ya nufin in an haifi ɗaya mai ciwo, uku na bayansa sun tsira. Kowane ciki da nasa rabon.

'Yan'uwan jini sun fi sauran mutane yiwuwar ɗaukar ɓoyayyen abu iri ɗaya, tunda kakansu ɗaya. Shi ya sa aka fi ganin irin waɗannan cututtuka a inda auren zumunci ya yi yawa, kamar wajen waɗancan makiyaya na Nakab. Ba ana cewa auren zumunci laifi ba ne. Dubban gidaje sun yi shi, 'ya'yansu lafiya lau. Amma gidan da aka taɓa haihuwar yaro mai waɗannan alamu, ya kamata manya su faɗa wa likita gaskiya kafin a sake haɗa wani aure a cikin dangin.

KUTURTA BA GADO BA CE

A wannan yanki, in aka sami babban mutum da tagar idonsa ba ta ji, abin da ma'aikacin lafiya zai fara tunani ba waɗancan ba ne. Kuturta ce. Abin mamaki, ita ce jama'a suka fi ɗauka a matsayin ciwon gado. An fasa aure da yawa saboda an ce kakan yarinya ya yi ta.

Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan zato ba. Manyan likitocin ƙasar Norwe ma haka suka ɗauka, har zuwa 1873, lokacin da Dakta Armauer Hansen na garin Bergen ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. Ƙwayar cuta ce, 'yar'uwar ta tarin fuka. Tana fita ta hanci da bakin wanda bai fara shan magani ba, kuma sai an daɗe ana zama tare da shi take kama wani. Mutum 95 cikin 100 ma jikinsu ba ya karɓarta. Tana iya yin shekara 5 a jiki, har zuwa 20, kafin ta nuna kanta. To, in uba ya yi ta, bayan shekaru ɗansa da suke gida ɗaya ya yi ta, sai a ce gado. Zaman tare ne, ba jini ba.

Ƙwayar kuturta tana son wuraren jiki masu sanyi: fata, da hanci, da jijiyoyin da suke kusa da fata, da gaban ido. A fuska tana iya ɓata jijiya biyu. Ɗaya ita ce mai kawo ji daga tagar ido. Ɗayar ita ce mai rufe fatar ido. In ta biyun ta mutu, mutum yana barci idonsa a buɗe. In duka biyun suka mutu, ga ƙofa a buɗe, ga mai gadi ba ya nan.

Kuturta tana warkewa. Maganin ƙwayoyi ne iri uku a haɗe, ana sha wata 6 ko wata 12, gwargwadon irin ciwon. Tun 1995 ake ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. A 1998 Nijeriya ta kai matsayin da masu ciwon ba su kai mutum 1 cikin 10,000 ba, amma har yanzu ana samun sababbin masu ita fiye da 2,000 a shekara.

Ga inda mutane suke yin kuskure. Magani yana kashe ƙwayar cuta, amma jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta dawowa. Akwai dattawa maza da mata da suka gama shan magani shekaru da yawa da suka wuce, aka sallame su. Sun warke, ba sa yaɗa komai. Amma idonsu ba ya ji har gobe, kuma babu wanda ya gaya musu. Su ne suka fi kowa bukatar wannan darasi. Duk ɗan aji da yake da irinsu a gida ko a maƙwabta, ya karanta musu.

A duba halin da irin wannan dattijo yake ciki. Hannunsa ba ya ji, ƙafarsa ba ta ji. Da ido yake ganin wuta ya kauce, da ido yake ganin ƙaya a takalminsa, da ido yake duba tafin ƙafarsa da yamma. Makaho mai lafiyar hannu yana lalube. Shi kuwa in ido ya tafi, ba abin da zai laluba da shi. Sau da yawa ma da wannan hannun mai kaushi yake murza idon, bai san ƙarfin da ya sa ba.

Sabon rauni a jijiya yana da magani in an zo da wuri, kafin ya wuce wata 6. Saboda haka mai kuturta da tabon fuskarsa ya kumbura ya yi ja, musamman kusa da ido, ko ya ga idonsa ya fara ƙin rufuwa, kada ya jira ranar karɓar magani.

Ban da kuturta akwai ciwon suga, wanda shi kam yakan bi dangi. In ya daɗe yana kashe jin ƙafa, kuma yana rage jin tagar ido. Akwai kuma wasu ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi da suke fitowa a gefe ɗaya na goshi, waɗanda in sun warke sukan bar idon wannan gefen ba ya ji sosai.

YADDA AKE GANEWA

A gida, kallo ya isa. A zauna ana hira da mutum, a lura da idonsa. Yana ƙiftawa kamar kowa, ko yana daɗewa ido a tsaye? Ƙuda yana sauka a gefen idonsa bai kore shi ba? A ce ya rufe ido a hankali kamar mai barci. In ana hango farin ido ta tsakani, fatar ba ta rufuwa. A duba ko gashin ido ya juya ciki yana gogar tagar. Mai lafiya ba zai iya jure gashi guda ba. Wannan kuwa ba zai ma sani ba.

A asibiti ma'aikaci yakan murza auduga mai tsabta ta yi siriri, ya taɓa gefen tagar ido da ita. Mai ji zai ƙifta nan take. Wannan gwaji na asibiti ne. Kada a gwada shi a gida da tsinke ko bakin zane.

TSARON IDO A GIDA

Ko gado ne, ko kuturta, ko suga, tsaron iri ɗaya ne. Aikin da jijiya ta bari, mutum ne zai ɗauka.

Babba a ciki shi ne dubawa kullum. Kowace safiya a wanke fuska da ruwa mai tsabta, a duba ido a madubi cikin haske. Wanda ganinsa ya yi rauni, ko yaro ƙarami, wani ya duba masa, kuma ya zama mutum ɗaya ne aka ɗora wa aikin, don ya san yadda idon yake jiya. Ana neman ja, ko kwantsa, ko farin ɗigo, ko wani abu da ya maƙale. Kowa ya san halin tsaro a wannan yanki. Ba kullum hanya take biyuwa ba, ba kullum ake samun ma'aikaci a ƙaramin asibiti ba. Wannan ya ƙara wa dubawar gida muhimmanci, domin wanda ya ga abu ranar farko yana da lokacin shirya tafiya.

Sai ƙiftawa da gangan. Mutum ya ɗaura wa kansa al'ada: duk bayan salla, duk lokacin cin abinci, duk sa'ad da ya gaisa da wani, ya runtse ido da ƙarfi sau da yawa. Da rana ya sa baƙin tabarau mai rufe gefe, da malafa. A kan babur ma haka. Wajen shiƙa da sussuka da injin casa kuwa, in da hali a ba shi wani aikin. Mace ta rage zama cikin hayaƙin murhu. Da dare a kwana cikin gidan sauro. Wanda idonsa ba ya rufuwa, ma'aikacin lafiya zai nuna masa yadda zai rufe shi da abin da ba ya taɓa tagar. Akwai ruwan ɗigawa da man shafawa masu hana ido bushewa, likita ne zai faɗi wanda ya dace. Yaro kuma a riƙa yanke masa farce.

Kada a ɗiga wa irin wannan ido ruwan ganye, ko nono, ko fitsari, ko toka. Lafiyayyen ido ma suna ɓata shi, balle wanda ba zai ce ya ji zafi ba. Kada a sayi maganin ɗigawa a kasuwa don kawai an ce yana kashe ja. Wasunsu suna ɗauke da sinadarin da yake sa gyambo ya ci gaba da ci, ido kuwa ya yi fari kamar ya warke. Tsinken tozali ma a yi hankali da shi.

IN ZA A JE ASIBITI

Ja da ya kwana bai tafi ba, ko farin ɗigo, ko gani ya dushe, ranar za a tafi. Akwai babban asibiti a Ƙanƙara da Funtuwa da Malumfashi, su za su tura mutum gaba in abin ya fi ƙarfinsu. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in kula da tarin fuka da kuturta, ana iya tambayarsa a asibiti mafi kusa. A Katsina akwai asibitin Babbar Ruga, wanda yake kula da masu kuturta tun shekarun 1930. A Saye, kusa da Zariya, akwai cibiyar ƙasa ta koyar da aikin tarin fuka da kuturta. Don aikin ido mai wuya akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, wanda aka buɗe a 1943.

A ƙasashen waje an samu sabon ruwan ɗigawa mai taimaka wa irin wannan gyambo ya warke. Turai ta amince da shi a 2017, Amurka a 2018. Sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Abin da ya fi samuwa a nan ƙaramin aiki ne: likita ya ɗinke gefen fatar ido ta sama da ta ƙasa, ya rage faɗin ƙofar, ya bar tsakiya a buɗe. Mutane sukan tsorata in sun ji an ce za a ɗinke ido. Ba ƙwayar idon ake ɗinkewa ba, fatar ce, kuma mutum yana gani ta wurin da aka bari.

In an isa gaban ma'aikaci, tambayarsa ta farko takan zama, "Yana yi maka zafi?" In aka ce a'a aka yi shiru, yana iya ɗauka abin ƙarami ne. Sai a ƙara da cewa, "Wannan idon dama ba ya jin taɓi." A faɗa masa in an taɓa shan maganin kuturta, ko ana da ciwon suga, ko akwai wani yaro a dangi mai irin wannan hali. Wanda yake da tsohon katin asibiti ya tafi da shi.